Tsattsewa a Zaurenka: Darasi Domin Iyali

Ga wata tambaya da za ka yi wa iyalinka da daren nan bayan an ci tuwo: in tsattsewa ta fara gini a zaurenmu, mu bar ta ko mu rushe?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Kowace shekara, sa'ad da shamuwa ta dawo kan itatuwan gari, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas, sai tsattsewa ta shiga neman wurin gini. Haka ta ke yi a Filinge, da Shikal, da Luma, da Tukunus, da sauran garuruwan Kurfai. Wata safiya uwargida za ta ga ɗigon laka a daɓen zaure. In ta ɗaga kai sai ta ga an liƙa 'yan curin laka a jikin azara. A nan ne a kan yanke shari'a. Wasu su kan ɗauko tsintsiya mai dogon sanda. Wasu su kan ƙyale. Da yawa kuwa ba su san dalilin abin da su ke yi ba.

Wannan darasi zai nuna maka halin tsuntsuwar nan, da abincinta, da yadda ta ke renon 'ya'yanta, domin in ka yanke shari'a ka yanke da sani.

1. WACE CE TSATTSEWA?

Ka san ta, ko da ba ka taɓa riƙe ta a hannu ba. 'Yar ƙarama ce. Tsawonta daga baki zuwa wutsiya kamar santimita 13 ne, watau bai kai taƙi ɗaya ba. Nauyinta kuwa kamar na kuɗin ƙarfe biyu na dala ashirin-ashirin. Bayanta baƙi ne mai sheƙi, in rana ta haska shi sai ka ce rinin baba ne. Cikinta fari ne, goshinta kuma ja kamar jar ƙasa. A gefen ƙirjinta akwai baƙin tabo dama da hagu, amma ba su haɗu a tsakiya ba. Wutsiyarta a rabe ta ke biyu kamar bakin almakashi.

Masanan tsuntsaye suna kiranta tsattsewar Habasha, gama wani Bature mai suna Blanford ne ya same ta a can, ya rubuta kamanninta a 1869. Suna ne kawai. Tana nan a Mali da Nijar da Nijeriya, har Sudan da Kenya. Da sassafe namijin ya kan zauna kan waya ko kan igiyar shanya yana 'yar waƙarsa siririya. Ba shi da kururuwa irin ta hankaka.

Ƙasar Kurfai ta dace da ita. Filinge tana kamar kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin Dallol Bosso, tsohon kwarin da ya taso daga Azawak ya gangara har kogin Kwara. Ruwan sama ba shi da yawa a nan, ya kan tsaya wajen milimita 300 zuwa 400 a shekara. Amma a cikin kwarin ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Ga rijiyoyi, ga tabkuna da damina, ga garkunan shanu. Abubuwa uku tsattsewa ke nema: laka, da ƙwari, da inuwar rufi. Duka ukun suna nan.

2. KAMA DA WANE BA TA WANE

Manomi yana da dalilin jin haushin tsuntsaye. Wanda ya taɓa ganin jan baki sun sauka a gonar gero da ya nuna, ba ya mantawa. Su kan zo dubbai kamar hayaƙi, su bar zangarniya fayau. Saboda haka yaro ya kan tashi da tunanin cewa kowane ƙaramin tsuntsu ɓarawon hatsi ne. Wannan kuskure ne.

Ka dubi baki, gama baki ne ke nuna sana'ar tsuntsu. Bakin jan baki gajere ne mai kauri, an yi shi domin fasa tsaba. Haka na gwara da na marai. Na tsattsewa kuwa ɗan mitsitsi ne marar ƙarfi, amma in ta buɗe shi sai ka ga faɗinsa ya kusa kai faɗin kanta. Irin wannan baki ba ya fasa gero. Aikinsa cafke ƙwaro a iska. Ko ka shanya dami goma a tsakar gida, tsattsewa ba za ta sauka a kai ba. Ka taɓa ganinta tana kiwo tare da kaji? Ba ka taɓa ba. In ta sauka ƙasa, yawanci laka ta zo ɗiba ko ciyawar gini.

Akwai kuma waɗansu tsuntsaye biyu da mu kan kira tsattsewa, ko da ya ke masana ba su lissafa su dangi ɗaya da ita ba. Ɗaya baƙa ce mai farin ƙugu da gajeriyar wutsiya. Su kan yi gini da yawa wuri ɗaya a ƙarƙashin dogayen gine-gine da gadoji, da gashin tsuntsu da ciyawa waɗanda su ke liƙewa da yau. Ɗayar siririya ce mai launin toka, wadda ke kewaya goriba da giginya. Ita a bayan ganyen itacen ta ke liƙa 'yar sheƙarta, har ƙwan ma da yau ta ke manne shi don kada iska ta kayar. Ga yadda za ka rarrabe su: tsattsewar zaure tana zama kan waya, waɗannan biyu kuwa ba su iyawa, gama ƙafafunsu na maƙalewa ne kawai. Amma dukansu ƙwari su ke ci. Ba wadda ke taɓa rumbu.

3. ABINCINTA

Tsattsewa a sama ta ke cin abinci. Ta kan tashi tun da asuba ta yi ta shawagi, ta yi nan ta yi can, baki a shirye. Tana cin ƙudaje, da ƙananan ƙwari masu fiffike, da tururuwa masu tashi, da shinge in ya fito bayan ruwa. Ko ruwa ma a guje ta ke sha. Ta kan sauko kan tabki ta ɗan tsoma baki ta wuce, ba ta tsayawa.

Ka lura da inda ta fi yawa: wajen turken dabbobi, bakin rijiya, mahauta, da bayan garke in yana tafiya. Shanu su kan tayar da ƙwari daga ciyawa, kashinsu kuma yana tara ƙudaje. Shi ya sa wurin da a ke tara shanu da yawa, irin su Tukunus inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak, ya ke mata kamar kasuwa.

Tsofaffi su kan ce in tsattsewa tana tashi ƙasa-ƙasa, ruwa na kusa. Akwai gaskiya a ciki. In iska ta yi sanyi da laima, ƙananan ƙwari ba su hawa sama sosai, ita kuwa inda abincinta ya ke nan ta ke bi.

Aikinta ya fi yawa in tana da 'ya'ya. A Turai an zauna an ƙidaya zuwan iyaye bakin sheƙa a wurin 'yar'uwarta ta can. An tarar in 'ya'yan sun fara girma, iyayen su kan kawo abinci har sau 400 a yini ɗaya. Kowane zuwa kuma ba ƙwaro ɗaya ba ne, curi ne na ƙwari da yawa da aka tara a baki. Yi lissafi da kanka. Ƙudan nan da ta kama, shi ne ke tashi daga bayan gida ya sauka kan fura, ya sauka kan idon jariri. Ƙuda yana cikin masu yaɗa zawo da ciwon ido. Duk wanda ya rage maka shi bai cuce ka ba.

4. ABIN DA BA TA IYA YI

Kada mu ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Gaskiya ɗaya ce.

Tsattsewa ba ta hana zazzaɓin cizon sauro. Ta kan kama sauro kaɗan da magariba, amma sauron da ke kawo zazzaɓi da dare ya ke cizo, lokacin da ita tana barci. Saboda haka ko sheƙa biyar ke zaurenka, kowane yaro da kowace mai ciki su kwana cikin sange, watau gidan sauro. In jikin yaro ya yi zafi a kai shi likita ran nan.

Ba ta kuma tare fara. Farar da ta cinye gonaki a yammacin Nijar har aka yi yunwar 1931, da wadda ta zo a 2004 kafin wahalar abinci ta 2005, sun fi ƙarfin bakinta. Shamuwa da balbela su ne ke cin fara da babe. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero ma ba ta iya cire ta, gama ba ta sauka kan hatsi.

Kowane tsuntsu da nasa aiki. In an kawar da ɗaya, sai a ga gurbinsa. A ƙasar Sin a 1958 hukuma ta ba da umurni a kashe gwara duka, wai suna cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da kwanoni, suka hana su sauka har suka faɗi don gajiya, aka farfasa ƙwai, aka rushe sheƙuna. Ashe gwara da ƙwari ta ke ciyar da 'ya'yanta. Da ta ragu sai ƙwarin gona suka yi yawa. A 1960 aka janye umurnin. Yunwar da ta auka wa ƙasar a shekarun nan tana da dalilai da yawa, amma wannan ya ƙara mata nauyi. To, in haka ya faru da tsuntsun da ke cin hatsi da gaske, ina dalilin kashe wadda ba ta ci ko ƙwaya ɗaya?

5. YADDA TA KE GINI

Manoma su kan ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Tsattsewa ma wannan lokaci ta ke jira, gama sai an yi ruwa ta ke samun laka, sai an yi ruwa kuma ƙwari ke yawa.

Namiji da mace tare su ke aikin. Su kan zaɓi wuri mai rufi a sama, inda ruwa ba ya bugu, rana ba ta duka, kyanwa kuma ba ta kaiwa: jikin azara a zaure, kusurwar shigifa, ɗakin makaranta, majami'a, rumfar kasuwa, ko ƙarƙashin gada. Dole wurin ya zama da ƙofa ko taga da ba a rufewa da rana.

Rairayin tudu ba ya kamawa, don haka sai su tafi bakin tabki, ko kududdufin da a ke buga tubali, ko inda ruwa ke zuba a bakin rijiya. Ta kan ɗebo laka cikin baki, 'yar curi kamar ƙwayar wake, ta zo ta manna. Ta kan haɗa da busasshiyar ciyawa, daidai yadda magini ke zuba ramno cikin ƙasa don kada bango ya tsage. In ta ɗora sahu ɗaya sai ta dakata ya sha iska kafin ta ƙara wani. Magini ma haka ya ke yi. Sheƙa ɗaya ta kan ci curi wajen 1,000, kowane curi kuwa tafiya ɗaya ce zuwa da komowa. Aikin ya kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. In an gama sai ka ga kamar rabin ƙoƙo an manna a bango, bakinsa a buɗe ta sama. A ciki ta kan shimfiɗa ciyawa mai laushi, da gashin dabba, da gashin kaza.

Ka tuna da wannan sa'ad da ka ɗaga sanda. Bugu ɗaya ya kan rushe tafiya dubu.

Sheƙar da ba a rushe ba ta kan yi shekaru. Tsattsewa tana da halin komawa inda ta yi nasarar reno, ta yi wa tsohon gini yaɓe ta sāke shiga.

6. ƘWAI DA 'YA'YA

Macen ta kan saka ƙwai ɗaya kowace safiya har su kai 2 zuwa 4, yawanci 3. Farare ne masu ɗigo-ɗigon ja. Kwanci ya kan ɗauki kamar kwana 14. 'Ya'yan su kan fito tsirara, ido a rufe, ba abin da su ke iyawa sai buɗe baki. Ɗan tsako ya kan bi uwarsa ran da aka ƙyanƙyashe shi, amma ɗan tsattsewa sai ya yi mako uku ko ɗan fiye a cikin sheƙa. In aka harbe uwa ko uba a cikin kwanakin nan, ba tsuntsu ɗaya aka kashe ba. Wanda ya rage da wuya ya iya ciyar da su shi kaɗai.

Ke uwargida, ga abin da ya shafe ki. Ƙorafinki a kan kashi ne, kuma kina da gaskiya, gama ke ce mai shara. Amma ki lura. A kwanakin farko iyayen ne ke ɗauke kashin 'ya'yan a baki su kai shi waje su yar. Sai 'ya'yan sun yi wayo ne su ke juya baya a bakin sheƙa su zubo ƙasa. Wannan ɓarnar ba ta wuce kamar mako biyu. Daga fara gini har tashin 'ya'ya kuwa, duka-duka wata biyu ne. In damina ta yi kyau, wani lokaci su kan sāke sabon ƙwai.

In 'ya'yan sun tashi, za ki gan su jere kan igiya, iyayen na kawo musu abinci. Su kan dawo sheƙar su kwana na 'yan kwanaki, daga nan sai su kama gabansu.

7. BAƘUWA DAGA TURAI

Wajen watan Satumba da Oktoba, sa'ad da a ke shirin girbi, za ka ga wata tsattsewa ta daban. Ta ɗan fi tamu girma, wutsiyarta ta fi tsawo, maƙogwaronta ja ne sosai, baƙin ƙirjinta kuma ya haɗu kamar ɗamara. Ba ta gini a ƙasarmu. Wucewa ta ke yi. A Turai ta ke haihuwa, cikin ɗakunan shanu da na dawaki, irin su Faransa da Italiya da Ingila. In sanyi ya gabato can, ƙwari su ka ɓace, sai ta nufo kudu. Ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara. In ta iso tabkunan Dallol a gajiye ta ke, da ƙishirwa da yunwa. Wajen Maris zuwa Mayu kuma ta sāke bi ta nan za ta gida.

Da can mutanen Turai ba su san inda ta ke zuwa ba. Har masu ilimi a cikinsu sun zaci cikin taɓon tabki ta ke nutsewa ta yi barci sai bazara. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe marar nauyi a ƙafa, mai lamba da adireshi. A watan Mayu na 1911 aka sa wa wata tsattsewa irin wannan zobe a Ingila. A watan Disamba na 1912 aka same ta a Natal, cikin Afirka ta Kudu, tafiyar kusan kilomita 10,000. A Nijeriya ma, a ƙauyen Ebbaken na yankin Boje, jihar Kuros Riba, akwai wani tudu mai dogayen ciyayi inda su ke taruwa su kwana da yawan gaske, an kuwa sami zobba a can daga ƙasashen Turai dabam-dabam.

Abin da ya same mu ya kan same su. Farin da ya fara a 1968, wanda ya kai ga mutuwar shanu a 1973, bai tsaya kan mutane da dabbobi ba. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kamar kashi biyu cikin uku, tsattsewar gaɓar kogi ita ma ta ragu ƙwarai. Da aka bincika sai aka gane a ƙasashenmu na bakin hamada suka mutu, don tabkuna sun ƙafe, ƙwari sun ɓace.

Baƙo raɓa ne. Kwana kaɗan za ta yi ta wuce. A can kuwa akwai wani manomi kamarka da ya bar tagar ɗakin shanunsa a buɗe yana jiranta.

8. ABIN DA KE KASHE TA

Tana da maƙiya tun asali: shaho, da kyanwa, da maciji, da ɓera. Da waɗannan ta saba. Waɗanda su ka fi yi mata ɓarna daga hannunmu su ke fitowa.

Na fari, danƙon yara. Tsattsewa ba ta da naman da zai cika bakin yaro. Harbin gwaninta ne kawai.

Na biyu, sanda da tsintsiya, musamman in akwai ƙwai ko 'ya'ya a ciki.

Na uku, maganin ƙwari. Akwai wanda a ke sayarwa a kasuwa cikin 'yan kwalabe marasa takarda, a ke kira fiya-fiya. Guba ne mai ƙarfi. In an yayyafa shi a ɗaki aka rufe ƙofa, 'ya'yan tsattsewa su kan mutu a sheƙa. Ka yi tunani: iskar da ta kashe su, ita ce jaririnka zai shaƙa. Haka kuma wanke tulun feshi a bakin tabki. Nan tsattsewa ke sha, nan ta ke ɗibar laka, nan kuma awakinka ke sha.

Na huɗu, rufaffen ɗaki. In maigida ya kulle shigifa ya tafi gona ko cin rani alhali akwai 'ya'ya a ciki, yini ɗaya ko biyu ya isa su mutu da yunwa.

9. ABIN DA ZA KA YI

Ba a ce ka ba da ko dala ba. Ga abubuwa takwas.

(1) Ka yanke shawara da wuri. In ta fara gini bisa randa, ko bisa gado, ko inda a ke ajiye abinci, ka kawar da lakar tun ranar farko, ka rataya tsumma ko buhu a wurin. Za ta nemi wani wuri, ba ta yi hasara mai yawa ba. Amma in ta riga ta saka ƙwai, randar za a gusar.

(2) Ka ajiye tsohon faifai ko kasko da ɗan rairayi a ƙasa daidai sheƙar. Ko kuwa ka kafa ɗan katako a bango, kamar kamu ɗaya a ƙarƙashinta. Kada ya matsa kusa, don kada kyanwa ta sami matakala. Abin da ya taru a zuba a garka, taki ne.

(3) Ka bar mata hanya. Taga ɗaya ko 'yar kafa a saman ƙofa, wadda hannu zai shiga, ta isa.

(4) In ruwa ya ɗauke tana tsakiyar gini, a zuba ɗan ruwan wanke-wanke marar sabulu kan yumɓu a gefen gida, a fili inda kyanwa ba ta da maɓoya.

(5) Kada a yi feshi a ɗakin da ke da sheƙa. Maganin gona ya tsaya a gona, bisa ga shawarar malamin gona, a ajiye shi kuma nesa da yara.

(6) In ɗa ya faɗo da rai, a mayar da shi sheƙar a hankali. Zancen cewa uwa ta kan ƙi ɗan da hannun mutum ya taɓa ba gaskiya ba ne. Kada a ba shi gero ko fura, kada a ɗura masa ruwa, gama zai shaƙe. A wanke hannu da sabulu bayan haka, don sheƙa ta kan tara 'yan ƙananan ƙwari masu cizo.

(7) In ka tsinci matacciyar tsuntsuwa da zobe a ƙafa, ka rubuta duk abin da ke jikin zoben, da ranar, da sunan garin, ka kai wa ma'aikatan gandun daji. Kada a kama mai rai don a cire zobe.

(8) In kuka ga tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa lokaci ɗaya, kada yara su taɓa, kada a ci. A gaya wa likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta taɓa shiga Nijar, ta wajen Magarya, a 2006.

10. MAGANA GA IYAYE

Kai maigida, yaro ba ya jin “bari” in ba a nuna masa dalili ba. In ɗanka ya ce, “Baba, ai tsuntsu ne kawai,” kada ka fara da bulala. Ka ɗauke shi a kafaɗa, in iyayen sun fita, ya leƙa sheƙar sau ɗaya, ba tare da ya taɓa ba. Sa'an nan ka zaunar da shi a inuwa da tsakuwa a hannu. Duk sa'ad da uwa ko uba ya kawo abinci, ya jefa tsakuwa ɗaya cikin ƙoƙo. Kafin Inna ta sauke tukunya zai zo da gudu ya ce, “Baba, zo ka gani!” Yaron da ya yi wannan ƙidaya da wuya ya sāke auna ta da danƙo. In lokacin tsaron gona ya yi kuwa, zai san wanda zai kora da wanda zai ƙyale.

Tsattsewa ba ta roƙe ka hatsi ba, ba ta roƙe ka ruwan randa ba. Faɗin tafin hannu ta ke nema a jikin azararka, na wata biyu, tana kuma biyan haya da ƙudajen gidanka. In ta zo bana, ka bar ta.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. Ta yaya za ka gane tsuntsu mai cin hatsi da mai cin ƙwari?
2. Don me tsattsewa ke jiran ruwan sama kafin ta yi gini?
3. Kwana nawa ta ke kwanci, mako nawa kuma 'ya'yan ke yi a sheƙa?
4. Don me ba za a bar kwana cikin sange ba ko da akwai tsattsewa a gida?
5. In ta fara gini bisa randa, me za a yi? In ta riga ta saka ƙwai fa?
6. Sheƙa nawa ke unguwarku bana? Ku zaga ku ƙidaya, ku rubuta a bayan wannan takarda, ku ajiye. Baɗi war haka ku sāke ƙidayawa.